Takardun Malam Tanimu a Teburin Mai Kifi

Hajiya Bilkisu ta rubuta ƙagaggun labarai huɗu, amma a Yelwa an fi saninta da faɗa a kan ɗakin karatu na gari. Ita ta sa aka gyara rufinsa, ita ta hana a mai da shi shagon siminti. Abin da ta fi ji da shi a ciki littattafan rubutu ne guda talatin, waɗanda marigayi Malam Tanimu ya cika da hannunsa: labarin tsibiran da ruwan Kainji ya cinye, daga bakin tsofaffin da aka tasa. Babu kwafinsu ko'ina.

Ranar Laraba ta tarar an yi wa ɗakin fenti, kabad ɗin kuma wayam.

"Modibbo, ina takardun Malam Tanimu?"

Mai kula da ɗakin ya gyara hula. "Baƙi za su zo daga Birnin Kebbi, anka ce a kwashe tarkace. Amma kwantar da hankalinki, Hajiya. Duk mai rubutun Larabci na ware ta, ban bari ta taɓa ƙasa ba."

Ya nuna mata kwali. Tsofaffin kalandu ne a ciki da ledojin dabino.

"Na bokon fa?"

"Ai ba bugawa anka yi ba, rubutun hannu ne. Na ba Hawwa mai kifi."

Ta fita ta tare kabu-kabu sai kasuwa. Ta iske Hawwa tana yage shafi za ta naɗe soyayyen kifi.

"Tsaya! Kin san mi kike yagewa?"

"Takarda mana. Mai kyau ce kuwa, tana shan mai."

Bilkisu ta fizge shafin. Ta karanta da ƙarfi: sunan wani tsibiri, sunan sarkin ruwansa, da ranar da aka kwashe mutanensa a jirgi.

Hawwa ta saki kifin. "Can anka haifi Innata."

Littattafai goma sha ɗaya suka rage cikin talatin ɗin. Hawwa ta ƙunshe su cikin mayafinta, ta rungume.

"Ba ni mana, in mai da su," in ji Bilkisu.

"Wurin Modibbo? Wallahi ba su komawa! Ki zo gidana ki karanta mani su."

 Bilkisu ta tsaya gefe tana huci, har Hawwa ta rufe tebur suka tafi tare.