Haƙoran Tsohon Inji

Matuƙin ya ja sandar giya baya da iya ƙarfinsa. Injin ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ribas ya ƙi shiga. Dakalin simintin tasha sai matsowa yake yi. Ya sake ja, ya sake, har fatar tafin hannunsa ta saluɓe.

"Ku riƙe! Kowa ya riƙe!"

Bai rufe baki ba hancin jirgin ruwan ya daki dakalin. Katako ya tsage, fasinjoji suka zube kan juna. Wata mata ta buga baki a gefen benci, ta ɗago jini na bin tsakanin yatsunta. Kafin Matuƙin ya kashe injin, ƙanen matar, wani ƙaton ɗan dako, ya tsallake mutane ya shaƙe masa wuya. Naushin farko ya same shi a kunne, na biyu ya fasa masa leɓe. Suka jawo shi kan dakali kamar buhu, wani ya miƙa wa ɗan dakon filafili, ya shiga lafta masa a gadon baya.

"Kashe mu za ka yi da wannan gwangwanin naka?"

Ta cikin ƙafafun mutane Matuƙin ya hango wasu tsofaffin takalman roba, baƙaƙe ƙirin da mai. Bakanike ne, maƙwabcinsa, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu, rumfarsa kuma tana nan bakin tasha. Tsohon ya ratso taron riƙe da ƙaton sifana, ya tsaya a kan Matuƙin.

"Ku kai baiwar Allah nan asibiti. Kun tsaya dukan wanda ya riga ya daku."

Ɗan dakon bai iya tsai da hannunsa ba, filafilin ya sauka a kafaɗar tsohon, ji kake tim. Bakanike ko gezau. Ya dube shi kawai, har ƙaton ya sunkuyar da kai ya yar da icen.

Da la'asar suka ɗaure injin a bakin wani rabin duro cike da ruwa a tsakar gidan Bakanike. Matuƙin na zaune a kan tsohuwar taya, ido ɗaya a kumbure, matarsa na danna masa tsumma da ruwan zafi.

"Baba, tun yaushe nake ce masa injin nan ba ya shiga giya?" in ji ta.

"Ai 'yar nan, wannan ba shiga giya yake ba, shan ta yake yi. Ba ki ga yadda yake tangaɗi ba?"

Matuƙin ya yi dariya, leɓen ya sake fashewa.

Tsohon ya fara kwance kebur ɗin da ya taho daga sandar giya. Ya tura ƙarfen sauya giya na jikin injin da hannu zuwa gaba, ya juya farfela, ta cije. Ya mayar firi, wato ba gaba ba baya, ta yi ta juyi sakayau. Da ya kai ribas sai ta riƙa cewa ƙas, ƙas, tana kamawa tana saki. Ya kwance noti na ƙasa ya tara gwangwani. Man da ya zubo fari ne kamar madara, da ɗan ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki. Ya murza shi a yatsa.

"Ruwa ba ya tsami banza. Ruwa ya shiga, ciki ya ci kansa."

Ya buɗe ƙasan injin ya zaro wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai haƙora a gefe biyu, wanda shi ke haɗa giya da farfela.

"Dubi nan, maƙwabci. Haƙoran sun cinye, sun koma dasashin tsohuwa."

"Ina jin ka," in ji matar Bakanike daga bakin murhu.

"Da inji nake, Tsohuwa."

"Akwai irinsa a kasuwa, Baba?" Matuƙin ya tambaya.

"Wanda ya ƙera wannan ma ina jin ƙashinsa ya zama ƙasa. Ni da za ka ji tawa, da ka jingine shi."

"In jingine shi yara su ci me?"

Tsohon ya girgiza kai. Ya ɗauko magagari ya zauna yana fito da bakin haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kafaɗar da aka doka tana sa shi cije baki. Da ya mayar da komai, ya zuba sabon mai, sai ya tsaya yana jan kebur ɗin yana saki.

"Shi ma wannan ya miƙe, tsatsa ta ci cikinsa. Zai kai mu gwaji. Amma ba za ka ɗauki ko akuya ba sai an canza shi."

Washegari da hantsi suka fita su biyu. Kogin ya cika ya yi jawur, yana tafe da rassan itace da shara. Injin bai tashi ba sai da Matuƙin ya ja igiya har numfashinsa ya sarƙe. Bakanike ya tsuguna kusa da shi ya karkata kunne.

"Gaba."

Ta shiga.

"Firi. To, ribas."

Ƙwas! Jirgin ya ja baya, ruwa ya tafasa a gindinsa. Matuƙin ya washe baki.

"Baba, hannunka da albarka!"

"Bari yabo, ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ƙara wuta mu gani."

Sun kai tsakiyar ruwa sai jirgin ya yi wata girgiza, ƙarar injin ta shaƙe. Matuƙin ya yi maza ya mayar firi. Wata yasasshiyar koma ce ta masunta ta nannaɗe farfela. Ya kai hannu zai kashe.

"Kar ka kashe!" Tsohon ya nuna gabansu. Igiyar ruwa na jan su kai tsaye zuwa ginshiƙan gada, inda kogin ke bugu yana tashi fari. "In ya mutu, kafin ya tashi mun zama itacen wuta. Riƙe sandar a firi, kar ka saki."

Ya zaro wuƙa, ya kwanta ruf da ciki a bayan jirgin, ya zura hannu cikin ruwa har kafaɗa. Matuƙin ya damƙe sandar da hannu biyu. Bai motsa ta ba. Yana kallonta a tsaye cak a tsakiya lokacin da ya ji ƙwas daga ƙasa.

Farfela ta kama komar, komar ta kama hannun rigar tsohon. Cikin ƙiftawar ido ta fizge shi, ƙirjinsa ya bugi katako, kansa ya nutse, ƙafafunsa suna harbin iska. Injin ya yi gurnani, ya sassare wani abu da ba igiya ba. Matuƙin ya daki makashin injin, ya faɗa kan ƙafafun ya ja. Ruwan bayan jirgin ya canza ja, ba irin jan ƙasa ba.

Da ƙyar ya fizgo shi. Hannun daga gwiwa zuwa hamata ya tsattsage, ƙashi a waje, jini na tsartuwa daga ƙarƙashin kafaɗa. Ya yage rigarsa ya cusa a wurin, ya danne da gwiwa. Nan take rigar ta jiƙe. Jirgin ya daki ginshiƙin gada da gefe, ya karkata kamar zai kife, ya gogu da siminti ya wuce ta ƙarƙashi. Matuƙin bai ko ɗaga kai ba.

"Jama'a! Ku kawo ɗauki!"

Bakanike ya buɗe ido. Leɓunansa sun yi fari.

"Ka saki ne?"

"Wallahi Baba ban saki ba!"

"Na sani. Kebur ne." Ya ja numfashi, ruwa ya fito masa ta hanci. "Haƙoran kuwa... ka ji yadda suka kama?"

"Baba, yi salati."

Ya fara, Matuƙin na tayawa. Masunta biyu da suka jiyo ihun suka iso da kwalekwale suka ɗaura igiya. Kafin su kai gaɓa, Matuƙin ya ji shi kaɗai ke salatin.

Shi ya shiga gidan Bakanike da kansa. Tsohuwar na shanya a igiya, ta juyo ta dube shi daga wuya har ƙafa.

"Jinin wa ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai. Ta saki zanen da ke hannunta, ta taho ta cakumi wuyansa, ta shiga dukan ƙirjinsa da hannu biyu. Ya tsaya ya bar ta. Ta daka har ƙarfinta ya ƙare, ta sulale ƙasa tana riƙe da ƙafar wandonsa, matarsa ta shigo da gudu ta rungume ta.

Da aka dawo daga maƙabarta bai bi mutane gida ba. Ya wuce tasha, ya ɗauko guduma a rumfar mamacin, ya kwance injin ya jefar a kan dakali. Ya fasa murfin. Ya bi farfela ya karya fukafukanta. Ya yi ta sara, mai na fallatsa masa a fuska, ɓallin ƙarfe na tsalle cikin ruwa, har ƙotar gudumar ta karye a hannunsa. 'Yan tasha na tsaye nesa suna kallo.

Sai ya sauka cikin jirgin. Jinin ya bushe a tsakanin katakai, ƙudaje sun rufe shi. Ya ɗebo ruwa da yankakken galan ya zuba, ya goge da tafin hannu, ya kwashe ya watsa waje. Ya sake ɗebowa. A inda ruwan wankin ke zuba, ƙananan kifaye suka taru a gefen jirgin, suna ta buɗe baki a hankali.