Baƙo a Kujerar Baya

Ina ɗaura agogo da safe zan tafi ajin 'yarmu, babarta ta tsaya a bakin ƙofa. "Malam, kada ka je. In ka je ɓata mata za ka yi. Wannan ba firji ba ne da za ka buɗe bayansa ka gyara."

Na ce mata kallo kawai zan yi.

'Yarmu ta fari tana koyarwa a jami'a, darasin da ake kwatanta yadda ƙasashe ke mulki. Tana da wata hanya tata. Rabin farko na darasi sai ta ɗauki ɓangaren da ba wanda yake so, ta kare shi iya ƙarfinta, ɗalibai su taso mata da gardama. A rabi na biyu ta bi hujjojin nan ta rushe su da kanta. Ranar da take kare mulkin soja, wani ɗalibi ya ɗauki rabin farko a waya, ya yanke, ya watsa. Shugaban sashe ya kira ta ya ce in aka sake jin hayaniya daga ajin nan, zai karɓe darasin ya ba wani. Darasin da ta yi shekaru tana roƙo a ba ta.

Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya. A shago in kwance kwamfuresar firji in manta wace ce ta lalace. Mai walda da ke maƙwabtaka da ni kuwa ya samu abin yi. "Baban Janar, yaushe za a karanta mana sanarwar juyin mulkin?"

Dabarar da ta zo mini ita ce in je da kaina in ɗauki rabi na biyu, in nuna wa duk mai baki. Ban gaya wa 'yar tawa ba. Na saka kwat ɗin da nake zuwa taro da shi, da baƙin tabarau ɗin da likita ya ce kada in cire tun da aka yi mini aikin ido.

Ajin babba ne, kujeru hawa-hawa, fanka biyu suna juyi ɗaya ta mutu. Na zauna can baya, na jingina waya a kan jakata, na danna ɗaukar bidiyo.

Ta shigo, ta rubuta sunan ƙasashe biyu a allo, ta juyo. Na san ta gan ni, don alƙalamin allon ya tsaya a hannunta. Sai ta fara. Yau cewa take yi ƙasa mai jam'iyya ɗaya ta fi gina hanyoyi da asibitoci. Ta yi bayani har ni kaina na fara yarda. Sannan ta buɗe hannu.

"To, wa zai musa mini?"

Shiru. Wata yarinya a gabana ta waigo ta dube ni, ta dubi wayar, ta taɓa ta kusa da ita.

"Shugaban aji, kai da ba ka barin in rufe baki?"

Wani dogo ya miƙe, idonsa a ƙasa. "Malama, mu dai karatu muka zo. Ba mu da ra'ayi."

"Tun yaushe?"

"Tun yau, Malama."

Ba wanda ya yi dariya. Na bakin ƙofa suka fara zamewa da ɗaiɗai. Ta sake tambaya, ta sake, ba wanda ya tanka. Ba gardama, don haka ba a kai ga rabi na biyu ba. Ta goge allo ta sallame su.

A ofishinta ta rufe ƙofa ta miƙo mini wayarta. Ga hotona nan an watsa, kwat, baƙin tabarau, waya a tsaye. An rubuta a ƙasa wai an turo jami'in leƙen asiri ajin Malama.

"Baba, me ka zo yi?"

"Uwata, rabin da kike gyarawa na zo ɗauka."

"Ka samu?"

Na dubi wayata. Abin da ke ciki rabin farko ne kawai, irin na wancan yaron, har ya fi nasa fitowa.

Ta zauna, ta dafe goshi, ta yi wata dariya da ba ta daɗi ba. "Me ya sa ba ka cire tabarau ɗin ba ko na minti ɗaya?"

"Likita ya hana."

Wayar teburinta ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta ce "To, ranka ya daɗe," ta ajiye. Shugaban sashe ne, yana son ganinta gobe kafin darasi.

"Gobe za ka dawo," in ji ta. "Da kayan shago, da man inji a hannunka. Zan tsayar da kai gaban allo in ce musu ga babana, mai gyaran firji."

"Za su yarda?"

"In da ni ce a matsayinsu, da cewa zan yi ai dama haka za a ce."

Da na koma gida na ba babarta labari, ba ta ce mini "ai na gaya maka" ba. Ta ɗauko rigar aikin da ta jiƙa za ta wanke, ta matse ta shanya haka da dattinta.

Yanzu ga rigar can a igiya, ni kuma ina ta zagaye tsakar gida. Ban san abin da shugaban sashe zai ce mata ba. Ban kuma sani ba ko gobe akwai ɗalibin da zai zo, ko in ya zo zai buɗe baki.