Bishiya Ta Arba'in da Ɗaya

Ina shekara ta uku da fara aiki a cibiyar binciken itatuwa cuta ta shiga gonar dabinon Baba. Daga saiwa take farawa. Ganye ya yi fari ta gefe guda kamar an watsa masa toka, bayan wata shida bishiyar ta sunkuyar da kai. Bakwai suka tafi a shekara guda.

Aikina karanta alamomin gado na tsirrai ne. Mukan niƙe ɗan ganye, mu tsamo ƙwayoyin halittarsa, na'ura ta zana su layi-layi a allon kwamfuta. Kowane iri da nasa zanen, kamar zanen yatsa. Baba bai taɓa gane aikin ba. Yakan ce wa baƙi, "Autata likita ce, sai dai marasa lafiyarta ba sa magana, shi ya sa ba a taɓa kai ƙararta ba."

Da na je gida ɗibar ganye, shi ne ma yake kwantar mini da hankali.

"Iri biyar gare ni a gonar nan, Auta. Ga Mai Zuma, ga Jar Wuya, ga Ta Kaka, ga sauran. In cuta ta ci ɗaya, ai huɗu suna nan."

Kwana biyu muna zagaye. Yayana, wanda yake riƙe da gonar tun da gwiwoyin Baba suka gaza, yana hawa yana yanko ganye, ni ina shafa wa kowace bishiya lamba da farin fenti. Sittin da uku suka rage. A jikin katangar rijiya akwai wata karkatacciya, 'ya'yanta duk ƙwallo, ba nama.

"Wannan ma?" in ji Yaya. "Ko awaki sai sun yi shawara kafin su ci ta. Wani ne ya tofar da ƙwallo ta fito."

Na ce ya yanko dai. Na rubuta mata arba'in da ɗaya.

A cibiya na tarar sinadarin da muke aiki da shi ya ƙare. Ganyen suka zauna a firiza mako tara muna jiran a kawo. Ranar da sakamakon ya fito, na ɗauka kuskure na yi. Na sake gwajin. Na kira shugabar sashenmu, ta gyara tabarau ta daɗe tana kallon allon.

"Ba kuskure ba ne," ta ce. "Bishiya ɗaya ce wannan, an dasa ta sau sittin da biyu."

Kakanmu daga gindin uwa guda ya riƙa cire tsiro yana dasawa, Baba ya ci gaba a haka. Bambancin zaƙi da launi da yake alfahari da shi, na ƙasa ne da yawan ruwa kawai. Abin da ya kashe ɗaya, babu abin da zai hana shi kashe sauran.

Zane ɗaya ne ya fita daban, na arba'in da ɗaya. Hakan bai nuna za ta tsira ba, amma ita kaɗai ce ba a riga an yanke mata hukunci ba, kuma na tuna maƙwabtanta biyu sun mutu ita tana nan kore shar. Nan take na kira Yaya a waya.

"Ta bakin rijiya? Ai na sare ta. Sati biyu ke nan. Injin ban ruwa muka kafa a wurin."

"Yaya, ka sare ta?"

"To ke kin ce kada a taɓa ta ne? Lamba kawai kika shafa mata kika tafi."

Gaskiyarsa. Ban ce ba.

Washegari na shiga mota. Gangar jikin tana yashe a bayan rumbu, fentina yana jiki. Ba ta bar tsiro ko ɗaya a gindi ba, kututturen kuma an malale shi da siminti. Yaya ya ɗauko gatari ba tare da ya dube ni ba, muka fasa kan bishiyar, na ciro abin da ya rage na farar tsokar da sabon ganye ke fitowa daga cikinta. Ta riga ta fara wari. Duk da haka na naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma. Na durƙusa ina tonon ƙasa ko zan sami ƙwallayenta, amma a gonar dabino wa zai bambance ƙwallon wata da na wata?

Baba yana zaune a inuwa yana kallonmu. Na zauna kusa da shi na faɗa masa komai, a hankali.

"Wato Mai Zuma da Jar Wuya abu ɗaya ne?"

"Abu ɗaya ne, Baba."

"Shekara hamsin ina bambance su da harshena."

"Na sani."

Ya murza gwiwarsa. Can ya ce, "To likita, wane magani za a ba su?"

Na ce babu. 

A cibiya na yanka tsokar gida goma sha biyu, na sa kowane yanki a kwalbarsa ƙarƙashin fitila, ko Allah zai sa wani ya tsiro. Kowace safiya kafin in ajiye jaka nake zuwa in duba. Ɗaya bayan ɗaya suka yi baƙi. Na ƙarshen ya kai kwana ashirin da shida, har shugabar sashe ta fara leƙowa, sannan shi ma ya bi sahu.

Bana bishiya goma sha ɗaya suka mutu a gonar. Yaya ya fara zancen shuka albasa a gefen da ya buɗe. Baba ya daina shiga gonar. Yakan sa a kai masa kujera bakin ƙofa, ya zauna yana fuskantar titi.