Jifan Sakuji a Gurbin Nezawa

Wari Sakuji ya fara ji kafin ya ga kowa. Ɓawon itacen sansho in an daka shi aka dafa da toka, ko mura kake yi sai ya huda maka hanci, kuma duk wanda ya tashi a kwarin Nezawa ya san aikinsa. A zuba a buhu, a tattake cikin ruwa, kafin ka gama shan taba duk wani kifi daga nan har gada ya juyo ciki sama, har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Sai rafi ya shekara biyar bai dawo hayyacinsa ba.

Sakuji kuwa ina ya ga shekara biyar? Ya haura sittin, ba shi da gona ko taku ɗaya. Rafin nan shi ne gonarsa. Kifin iwana ashirin yake ɗauka a rana ya kai masaukin baƙi da ke maɓuɓɓugar ruwan zafi, ya bar saura su hayayyafa, kamar yadda ubansu ya yi.

Yana zagayo dutsen sai ga mai buhun. Kumazo ne, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, tsugune a kan falalen dutse a ƙetaren babban gurbi, buhu tsakanin ƙafafunsa. Ruwan da ke tsakaninsu na narkewar ƙanƙara ne, mai zurfi, yana gudu kamar an koro shi.

"Kumazo! Ajiye buhun nan!"

"A'a, Yaya ne? Sannu da wasa da gashin zakara."

"Na ce ka ajiye!"

"Masu saran katako na bikin dutse jibi, kifi ɗari biyu suke so. Kai da tsinkenka sai yaushe? Sai jikokinsu sun yi furfura?"

"A gurbin nan Baba ya koya maka tsayuwa cikin ruwa, marar kunya."

"Ya koya maka dai. Ni dundu na sha."

Wannan kam gaskiya ne, kuma ta soki Sakuji. Amma Kumazo ya riga ya sunkuya, hannunsa na kan igiyar bakin buhu. Zagayawa ta gada tafiyar rabin sa'a ce. Abin da ke hannun Sakuji kawai sandar gora ce da igiyar gashin doki, da ƙugiya a ƙarshenta wadda ya naɗe da zare da gashin wuyan zakara ta zama kamar ƙwaro.

Wanda bai sani ba yana zaton ƙwaron ake jefawa. Ina! Jefa gashin tsuntsu ka gani, a kan ƙafarka zai faɗo. Igiyar ake jefawa, shi ya sa ake tufka ta da kauri a wajen sanda, sili takwas, tana sirancewa har ta koma sili uku. Gora ta lanƙwasa ta tara ƙarfi, ka tsayar da ita cak, ƙarfin ya bi igiya yana warwarewa, yana ƙara gudu yayin da igiyar ke ƙara siranta, har ya ƙare a kan ƙwaron. Sakuji na iya sauke shi cikin kofin shayi daga taku goma.

Ya shiga ruwa har cinya, sanyi ya datse masa numfashi. Iska na busowa daga sama, saboda haka ya kwantar da sandar gefe, kusa da fuskar ruwa. Ƙyallen da Kumazo ya ɗaura a ka ya nufa. So yake ya fizge masa shi, ya ba shi kunya, ya sa ya ɗago ya saurara, iyakar niyyarsa ke nan. Ya ɗaga igiyar baya, ya jira har ya ji ta miƙe ta ɗan ja shi, sannan ya turo ta gaba ya tsayar.

Jifa ne mai kyau, wallahi, bai taɓa yin wanda ya fi shi ba. Sai dai a daidai lokacin Kumazo ya ɗago kai zai yi magana. Ƙwaron ya sauka a kan fatar idonsa na hagu, a hankali, ko huda bai yi ba. Kumazo ya firgita ya kau da kai, igiyar ta yi motsi.

Shekara hamsin, duk sanda igiya ta yi wannan motsin, wuyan hannun Sakuji kan fizga kafin kansa ya sani. Yau ma bai tambaye shi ba.

Ihun ya fi ƙarar ruwa. Kumazo ya miƙe da hannu biyu a fuska, jini na bin tsakanin yatsunsa, gorar ta lanƙwasa kamar ta kama babban kifi. Ya cafki igiyar ya tsinke ta, takalminsa ya zame a kan gansakuka, ya faɗo ruwa da baya, ƙafarsa ta kwaso buhun. Buhu ya bugi dutse a ƙarƙashinsa ya fashe. Ruwan da ake ganin tsakuwar ƙasansa ya koma ja-ja kamar dafaffen shayi.

Sakuji ya yar da sanda ya faɗa. Guba ta shiga idonsa da bakinsa, harshensa ya mutu. Ya laluba ya damƙi wuyan riga, ruwa ya maka su da dutse sau biyu, da ƙyar ya jawo ƙanensa kan tsakuwa. Godiyar da ya samu dutse ne a baki. Haƙora biyu suka zube. Kumazo ya hau ruwan cikinsa yana duka yana zagi, ƙugiya na lilo a inda ido yake ɗazu, ya kama hannun daman yayansa ya danne a ƙasa ya sauke masa dutsen har sau uku. Sakuji ya ji ƙasusuwan yatsunsa na karyewa, bai ko janye hannun ba. Tausayi da kunya sun riga sun kashe masa jiki.

Sai Kumazo ya gaji, ya zube gefe yana haki.

Kifi na farko ya taso kusa da ƙafarsu, babba, cikinsa fari. Sai na biyu. Sai ƙanana, birjik, ruwa na kwasar su zuwa gada. Sakuji ya zauna yana kallo, hawaye da jini na haɗuwa a gemunsa.

"Ga kifinka ɗari biyu nan," ya ce da fasasshen baki. "Tashi ka kwasa."

 Kumazo ya juyo da idon da ya rage masa.

"Da ka ambaci Baba, ɗaure buhun na koma yi, Yaya. Abin da na ɗago in gaya maka ke nan."