Hannun Hagun Baba Tela

"Wannan kuma wane ne?" Baba Tela ya tambaya daga kwance, ya ƙanƙance ido yana kallon takardar da ta ɗaga masa.

"Kai ne mana, Baba."

"Ni? A'a, 'Yar Zane. Gemun dai nawa ne, hular ma tawa ce. Amma wannan bawan Allah da hannun dama yake yanka."

Ya fashe da dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama tari, sai da Inna matarsa ta taso ta tallabe shi. 'Yar Zane kuwa ta juyo da takardar gabanta. Ta duba, ta sake dubawa. Ga almakashi nan ƙiri-ƙiri a hannun dama, alhali kaf unguwar ba wanda bai san Baba Tela bahago ba ne.

Shekararta ta biyu ke nan tana digiri na biyu a fannin zanen littattafai, irin karatun nan da ba aji ba allo: kai za ka nemo wa kanka aiki, ka shige ɗaki ka yi ta fama, malami ya leƙo sau ɗaya a wata. Ita ta zaɓi yin littafin yara a kan maƙwabcinta, tsohon telan da bango ɗaya ya raba ɗakinta da nasa, wanda shi ya laƙaba mata sunan. Kuma ba wanda ya aike ta, ta ɗauko hanya mai wuya: ta sassaƙa hoto a katako, ta shafa tawada, ta ɗora takarda ta murje da bayan cokali. Tun makon farko an gaya mata cewa duk abin da aka sassaƙa a juye yake fitowa, hagu ta koma dama. Rubutu kam ta kiyaye, kowane harafi ta juya shi. Mutumin ta manta. Wata bakwai, hoto goma sha biyu, tana ta duba kaurin layi da zaman tawada, ko sau ɗaya ba ta dubi hannu ba.

"Mahaifina ya ɗaure hannun nan da igiya," in ji Baba da numfashinsa ya dawo. "Wanda ya koya min ɗinki ya ƙwanƙwashe shi har ya gaji. Duk sun kasa. Ke da 'yar wuƙarki kin gama da ni a zaune."

Da wasa ya faɗa, amma kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Ta kira malamin da ke duba aikinta. "Kwana tara ya rage masu jarrabawa su zo," ya ce. "Wa zai lura da hannu? Ki bar shi haka." Ta ce to, ta kashe wayar, ta kasa zama. Ta share ɗaki, ta wanke cokalin da yake a wanke, ta fita bakin ƙofa ta dawo. Ba masu jarrabawa ke damunta ba. Asibiti sun sallamo Baba ne da cewa a je gida a ci gaba da addu'a, kowa kuwa ya san ma'anar wannan. Katako ɗaya ya rage mata. Ta ƙudura sai ya ga kansa daidai kafin ya tafi.

Da safe ita da Inna suka cicciɓo dogon madubin shago, wanda masu ɗinki ke duba kansu a ciki, suka jingina shi a ƙarshen gado. Aka ba Baba almakashinsa da wani guntun ƙyalle. Ta juya masa baya, tana zana shi a katakon ta cikin madubi, don in an buga ya juyo daidai.

"Yau na ga ikon Allah," ya ce. "An zo zana mutum an ba shi ƙeya."

"Ka daina motsi, Baba."

"Ba ni ke motsi ba, hannun ne."

Gaskiya ya faɗa. Almakashin da ya yi shekara hamsin yana juyawa kamar tsinke, yau ya fi ƙarfinsa. Inna ta sa tafinta a ƙarƙashin gwiwar hannunsa har aka gama.

Sassaƙar kwana huɗu take ci, ita kuma so take ta yi ta a biyu. Tana aiki tana jin tarinsa ta bango. In ya yi tari ta ci gaba, in ya daɗe bai yi ba ta jefar da wuƙa ta ruga. Inna ta ce, "Ke 'yar nan, za ki cinye mana dokin ƙofa. Je ki yi aikinki." Sau biyu ta yanke yatsa, ta ɗaure da tsumma.

Rana ta uku da hantsi ta kasa haƙuri, ta kai masa katakon tun ba ta gama ba. Ya daɗe yana kallo.

"Har yanzu dama ce," ya ce a hankali.

"A katako ne, Baba. Sai an buga zai juya. Wallahi zai juya."

"To ki yi sauri, 'Yar Zane."

Ta koma tana kuka tana sassaƙa. Saura bakin almakashi da yatsu biyu. Bayan azahar ta lura bangon ya yi shiru. Ba ta tashi ba. Ta ce wa kanta barci ya yi, ta ƙara duƙufa, ɓawon katako na zuba a cinyarta. Tana kan yatsa na ƙarshe ta ji muryar Inna, ba da ƙarfi ba, tana kiran sunansa sau uku, sannan salati.

Sai da mutane suka ɗauke ƙafa, bayan kwana uku, ta iya taɓa katakon. Ta ƙarasa yatsan, ta kwashi tawada da takarda ta shiga shago, inda Inna ke zaune gaban keken ɗinki ta zuba tagumi. An mayar da madubin wurinsa.

"Bai gani ba, Inna. Na makara."

"Kawo cokalin," Inna ta ce.

Ita ta murje takardar da kanta, lungu-lungu, yadda take goge kwalar riga. 'Yar Zane ta kama gefe ta ɗaga a hankali. Ga Baba nan ya sunkuya kan ƙyalle, hula ta karkace, almakashi a hannun hagu.

"Yauwa," in ji Inna. "Haka yake riƙe shi."

Suka maƙala takardar a igiyar da yake rataye ɗinkin da ya gama, don tawada ta bushe. Inna ta ja baya ta kalla, sai idonta ya faɗa kan madubin da ke fuskantar igiyar. A ciki, almakashin ya sake komawa dama. Ta ja guntun tsaki, ta taka ta kama madubin da hannu biyu, ta juya fuskarsa ga bango.

Suka zauna a kan bencin masu jira. Iska ta shigo ta ƙofa, takardar na ɗan lilo a kan igiya.