Jinin Gunya

Baba mai barga ya gaji da ganin allura. Shekara da shekaru aikinsa ke nan a gidan da ake haɗa maganin saran maciji: ya riƙe linzami, a tsira wa doki ɗan dafi kaɗan, bayan makonni a ɗebi jininsa a tace magani. Sauran dawakan da sauƙi. Gunya ne, tsohon farin dokin nan, yake karya masa zuciya. Duk ranar allura wuyansa zai kumbura, ya ƙi dusa, ya tsaya yana kallon bango.

Sai Baba ya samo dabara, shi a dole mai wayo. Duk lokacin da ranar ta zo, sai ya ce Gunya na ɗingishi, a bari sai wani karon. Ya riƙa ƙara masa harawa, yana cewa a ransa ai abinci ne jini.

Da safen nan likitar gidan ta same shi yana kwashe kashin dawaki. Ita ma duk a gajiye take.

"Baba, jinin Gunya ba ya ba da magani kuma."

"Haba likita! Dokin da ya fi kowa ci?"

Ta ɗauki gwafar da yake tokare ƙofa da ita. "Abin da muke nema a jinin, siffarsa kamar wannan ce, sai dai ido ba ya gani. Rassan nan biyu su ke cafke dafi, gindin kuma ya kira ƙwayoyin jini su zo su haɗiye shi. Kowane dafi da irin gwafarsa. Ƙoshi ba ya sa jiki ya ƙera su, sai ya ga dafin. In ya daɗe bai gani ba, sai su yi ta raguwa."

Baba ya daina kwashe kashin. "To a yi masa allurar yau. Ni zan riƙe shi."

"Na roƙa, Baba, wallahi na roƙa. Masu gidan sun ce ba za su sake farawa da tsohon doki ba. Mai saye na zuwa da la'asar."

Bai tambaye ta ko wane ne ba. Ya san masu sayen tsofaffin dawakai, ba don hawa suke saye ba.

Ya jingina da shebur. Gunya ya taho wurinsa, takunsa lafiya ƙalau, wuyansa sumul ba kumburi, ya cusa hanci a aljihun rigarsa. Ya yi ƙiba, ya yi sheƙi, duk aikin hannun Baba. Mai saye zai ji daɗinsa.