Gam a Ƙofar Mota

'Yan bangar siyasa suka manna fostocin ɗan takararsu a motar hayar Harisu, ko tambayarsa ba su yi ba. A tashar Ƙanƙara ya yage su, gam ya rage a jikin ƙofar. Ya jiƙa tsumma da kananzir yana murzawa a hankali, kada fenti ya kwaile.

Sai ga su sun dawo.

"Uban wa ya ce ka cire maigida?" in ji babbansu.

Gora ta sauka a ƙeyar Harisu. Suka buga fuskarsa da ƙofar har haƙori ya fita, suka tafi.

Harisu ya miƙe, ya watsa wa ƙofar ruwa, jinin ya wanku nan take. Ya koma kan gam ɗin, yana murzawa har ya ga kumburarriyar fuskarsa a fentin.